Gwaggon Tagulla

Maigidana maƙerin farfaru ne a Birni, nan Damagaram. Awarwaro da zobe da ƙarau yake zubawa da tagulla, bai taɓa yin siffar abu mai rai ba sai shekarar da nasara suka fara ɗaure kayansu za su koma gida. Lokacin ban daɗe da tarewa ba.

Wani nasara da muke kira mushe, mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shi ne ya zo maƙera, ya ce yana son abin tunawa: 'yar mata ta tagulla, tsawon tafin hannu, tana daka. Maigida ya yi kwana biyu yana juyayi, ya je wajen malaminsa. Malam ya ce ba ya son abin, amma in ya zama dole, to kada a yi mata ido ko baki. Haka aka yi. Ya murza kakin zuma ya fitar da mace da turminta, ya lulluɓe da laka da kashin jaki, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya ɗura narkakkiyar tagulla a gurbin. Da ta huce ya fasa lakar, ya goge, ya shigo da ita cikin gida ya ajiye kan tabarma.

Kallo ɗaya na yi mata na toshe baki da gefen zani.

"Mene ne?" in ji shi.

Na ce, "Maigida, ai Gwaggo ce."

Gwaggo yayar mahaifinsa ce, ita ta goye shi. A Hamdara take zaune, duk Alhamis takan shigo kasuwa ta biyo ta wajenmu ta duba abin da ban yi daidai ba. In tana daka takan karkace wuya hagu, ta turo ƙugu baya, ɗaurin kallabinta ya miƙe kamar zankon zakara. Duk wannan yana jikin 'yar tagullar. Ba ido, ba baki, amma sai ka ji kamar yanzu za ta ce miyarka ba gishiri.

Ya rantse bai nufa ba. Ya ce hannunsa ne kawai ya tafi. Na kira maƙwabciyarmu, wata Kirista mai aikin unguwarzoma a asibiti, don ta raba mu. Tun daga bakin ƙofa ta ce, "A'a, yaushe Gwaggo ta zo?" Ta zauna ƙasa tana dariya har da hawaye.

Muka shirya a ɓoye ta cikin tukunyar gero kafin mushe ya zo karɓa ran Asabar. Mun manta cewa tukunyar gero ce farkon abin da Gwaggo ke buɗewa, don ta ga ko ina ɓarna.

Ran Alhamis ina tsakar gida na ji ta yi salati a ɗaki. Ta fito riƙe da abin, gero na zuba daga kallabinsa.

"Ke, kira mini mijinki."

Ya shigo ya durƙusa. Ta ɗaga ta sama, ta juya ta gaba da baya, ta daɗe tana kallo.

"Wace ce wannan?"

"Ba kowa ba ce, Gwaggo. Aikin nasara ne."

"Ba kowa ba? Ni za ka gaya wa? To ina bakina?"

Ya ce malam ne ya hana. Ta ce malam ya kyauta, amma ƙugun nan an yi masa ƙari, ita ba haka take ba. Ni dai na duƙar da kai ina tsintar tsakuwa cikin shinkafar da na riga na tsince.

Da ta ji cewa nasara zai tafi da ita ƙasarsu, sai faɗan ya tashi sosai. "Ni da ko Takieta ban taɓa zuwa ba, za ka sa ni a jirgi? In tsaya a ɗakin wani ƙato ina daka ba dare ba rana, ba wanda zai ce mini sannu?" Ta ƙulle ta a bakin zani, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Kwana biyu suka rage. Maigida ya sake murza kaki, wannan karon ya kafa ni gabansa da taɓarya, ya ce in tsaya sak kada in yi kama da kowa. Abin da ya fito kamar muciya da ɗankwali. Mushe ya karɓa yana ta murna, ya ce lalle haka matan Damagaram suke.

Bayan sallar layya muka je Hamdara gaisuwa. Na tarar Gwaggo ta ɗinka wa 'yar tagullar zani na saƙi, ta ɗora ta kan faifan da ke rufe nono don kada kaji su ture. Matan ƙauyen na shigowa gani, tana ce musu, "Ɗana ne ya yi. Ƙugun ne kawai bai iya ba." Da muka tashi tafiya ta ja maigida gefe, ta ce in ya sami sarari ya zuba mata ƙaramar kujera, yarinyar ta gaji da tsayuwa. Ya zuba mata kuwa, ya aika da ita Alhamis ta gaba.