Teburin Doña Hermelinda

Ni ke fito da tebura tsakar gida kowace Litinin a makarantar koyon Sifaniyanci da nake wa shara a garin Xela. Malami ɗaya, Bature ɗaya, tebur ɗaya. Ran Juma'a ake tambayar ɗalibi ko zai ci gaba da malaminsa ko a sauya masa.

Doña Hermelinda Coyoy a tsakar gidan nan ta tsufa. Mijinta ya tafi Amurka neman aiki bai dawo ba, da teburin nan ta reni 'ya'ya uku. Ba ta barin kuskure ya wuce. Turawa sukan rikita traer da llevar, wato kawowa da kaiwa. Matasan malamai murmushi suke yi su ce madalla. Ita kuwa sai ta ta da mutum tsaye ta ba shi kujera.

"Kawo min. To, kai wa Nayo mai shara. Ƙafarka za ta riƙe, tunda kanka ya ƙi."

Mai makaranta, Don Otoniel, ya tare ta a gabana.

"Doña, hutu suka zo, ba dako ba. Uku a jere sun guje ki. In na gaba ya sauya ki, ba ni da wurinki."

"To ka sayo musu aku mana, ya riƙa ce musu madalla."

Ɗalibi na gaba shi ne Warren, wani dattijo ɗan Kanada mai ciwon gwiwa. Litinin da Talata ta daure, ina ganinta tana murza bakin mayafinta. Ran Laraba ya sake rikita kalmomin. Ta miƙe ta nuna masa kujera. Ya ɗauka yana ɗingishi yana dariya, ya yi ta zirga-zirga har ya daina kuskure.

Ran Juma'a ya zo mata da furanni, ya rungume ta, ya ce bai taɓa samun malama irinta ba. Daga nan ya shiga ofis ya ce a ba shi wata.

Da sanyin safiyar Litinin ta zo. Na riga na jingine teburinta a sito, yadda aka umarce ni.

"Nayo, ka manta da nawa."

"Ban manta ba, Doña."

Ta gyara mayafi ta fita. Yanzu wanki take yi wa wani otal da ruwan sanyi. Yatsunta sun kumbura, ko fensir ba sa riƙewa.