Ɗigon Fensir a Gefen Suna

Shekara goma sha bakwai tana zaune a teburin karɓar baƙi na kamfanin, har ma'aikata suka manta da sunanta na yanka, sai Mama Sannu. Da gaskiyarsu, don ko mai kawo wasiƙa ne ya leƙo, sai ya sha sannu uku kafin ya ajiye jaka. Ta kama aikin da goyo a bayanta bayan rasuwar mijinta, kuma da teburin nan ta raini 'ya'ya huɗu.

Sai dai akwai wani aikin da ba ya cikin takardar ɗaukarta. Tun da lauyan kamfani ya ja wa manaja kunne cewa doka ta hana a tambayi mai neman aiki batun aure, ko ciki, ko ciwo, manaja ya zama salihi a ɗakin intabiyu. Tambayoyin suka dawo falon jira, bakin Mama Sannu. Ita ba ta tambaya, hira take yi. Mutum na zaune a kujerar roba yana jiran a kira shi, sai ta miƙo masa ruwan sanyi.

"'Yata, wannan zoben sabo ne? Allah ya sanya alheri. An samu ƙaruwa ko tukuna?"

Wa zai ɓoye wa uwa? Bayan an tashi sai ta ɗiga ɗigon fensir a gefen sunan. Ɗigo ɗaya amarya ko mai ciki, ɗigo biyu mai ciwo ko mai jinya. Da yamma takardar ta shiga ofishin manaja, masu ɗigo kuwa har yau suna jiran kira. Takan ce wa kanta ai ita ba ta kori kowa ba. Maganar ba ta taɓa kwantar mata da hankali ba, tana dai kai ta gobe.

Wata Talata wani matashi ya zo neman aikin kula da sito. Siriri ne, idanunsa sun ɗan yi rawaya, ya roƙi ruwa ya haɗiyi ƙwaya. Autanta mai sikila haka idanunsa suke, kuma baɗi shi ma zai fara yawo da takardu ofis ofis.

"Mama, ni fa ba zan ɓoye miki ba," in ji matashin, "ina da..."

"Dakata, ɗana." Ta dubi ƙofar manaja, ta rage murya. "Kada ka faɗa min. In ka shiga aka taɓo lafiyarka ko iyalinka, ka ce a tambaye ka aikin sito, shi ka zo nema. Ka faɗa da ladabi, amma kada ka amsa."

Ba ta taɓa yi wa kowa haka ba. Ta san ranar da ciwon ya kayar da shi a bakin aiki, ita manaja zai fara nema. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta bar gefen sunansa fari.

Matashin ya yi murmushi. "Wallahi matata ta yi gaskiya. Ta ce in na zo in nemi Mama ta tebur. Bara ta zo neman aikin akawu da cikin wata uku, ko mahaifiyarta ba ta sani ba tukuna, ke ta fara faɗa wa. Ba su ɗauke ta ba, ta yi kuka har ta gaji. Amma har yau tana yi miki addu'a, wai duk kamfanin nan ke kaɗai kika ɗauke ta mutum."

Ya ciro waya ya nuna mata hoton jaririya. Mama Sannu ta tuna yarinyar sarai, mai koren mayafi, wadda ta riƙe mata hannu tana cewa ta sa ta a addu'a. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

"Me zan ce mata in na koma, Mama?"

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ka ce mata ta yafe min."

"Ta yafe miki me, Mama?"

Ƙofar manaja ta buɗe, aka kira shi. Ya tattara takardunsa ya shiga, yana waiwayenta.