Ɗakin da Yaya Ba Ta Shiga Ba

Iyayenmu sun raba mana abin da suka mallaka tun suna raye. Baba ya ce haka kakanninsa suke yi tun a Barno, kafin fatauci ya kawo su Fagge. In miji da mata suka ga ƙarfi ya fara ƙarewa, sai su tara 'ya'ya su miƙa wa kowa nasa hannu da hannu, don kada a yi faɗa a kan gawarsu. Gidanmu kuwa na su biyu ne. Baba ya sayi filin da ɗinki, Inna ta yi ginin da man gyaɗa da ƙuliƙuli.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka tara mu a tsakar gida. Inna ta fito da tasoshinta da kwallaye ta raba wa ƙannenmu mata biyu da ke gidajen aurensu, kowacce ta ƙulle nata a zani. Baba ya ba ni keken ɗinkinsa, na kira mai baro ya kai min gidan da nake haya a Kwaciri tun kafin la'asar. Autanmu aka ba shi rumfar da Baba yake da ita a Kasuwar Sabon Gari, ya karɓi makulli yana washe baki.

Saura Yaya. Ita ce 'yar fari. Mijinta ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo gida tana kwana a ɗakin Inna. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ko Inna sun kira sunanta ba, ban taɓa ganin sun dube ta ido da ido ba. In Inna tana son ta ɗauko wani abu, sai ta ce wa iska, "Da za a miƙo min ludayin can." Yaya ta tashi ta miƙo.

Baba ya juya fuskarsa wajen Inna, ya ce, "Ɗakin kusa da rijiya, na waccan ne."

Inna ta ce, "Haka muka yi shawara." Ita ma bango take kallo.

Yaya tana tsugune a bakin murhu, kanta a sunkuye. Ba ta ce komai ba. Mu duka mun ɗauka magana ta ƙare.

Ɗakin nan shi ne mafi kyau a gidan, amma a ciki Baba yake ajiye buzunsa da akwatin kayansa, a nan yake kishingiɗa da rana. Bayan 'yan kwanaki na zo gaisuwa, na tarar komai yana inda yake. Na sami Yaya tana wanki.

Na ce, "Yaya, ba ki tare ba?"

Ta ce, "Amarya ce ni da zan tare?"

"Ko tabarma ki kai ki shimfiɗa mana. Ki sa kwaɗo."

Ta yarfe kumfar hannunta. "In sa wa ubana kwaɗo? In fitar masa da akwati yana kallo? Kai dai ka samu keke kana ta rawar kai. Ɗaki zai gudu ne?"

Na yi dariya na bar ta. Shi kuma Baba yana jira ta kwaso kayanta ya tashi ya ba ta wuri, don ba zai iya buɗe baki ya ce mata shigo ba. Na san haka domin ya taɓa tambayata, yana kallon ƙasa, ko ɗakin bai yi wa wasu ba ne. Na ce ya yi. Da na kai mata maganar, sai ta ce tunda har yanzu yana kwanciya a ciki, ai yana so ke nan. Haka suka zauna shekaru, kowa yana yi wa kowa kara.

Baba ya rasu a ɗakin. Inna ta yi takaba, ta ɗan ƙara lokaci kaɗan, ita ma ta bi shi. Ko a tsakanin nan Yaya ba ta shiga ba. Ta ce idonta ba zai iya ganin inda aka yi masa wanka ba.

Shekarar ce soja suka miƙa mulki ga farar hula. Bangon gidanmu duk an manne shi da hotunan 'yan takara, gari ya cika da zancen kasuwa za ta buɗe. 'Yan kasuwar Sabon Gari suka shiga neman gidajen Fagge da ke kusa da titi don ajiyar kaya. Auta ne ya fara zancen a sayar. Ba na zaginsa. Rumfarsa ta karye, ga 'ya'ya, ga mai gidan haya a wuyansa.

Aka kira malamin unguwa mai rabon gado, dattijo ne da ya yi zama da Baba. Na ce masa a cire ɗakin rijiya, na Yaya ne, a gabanmu aka ba ta.

Malam ya ce, "Madalla. Da aka ba ta, ta ce ta karɓa?"

Na sunkuyar da kai, Malam ya ci gaba.

"Ta shiga? Ta kwana? Ta ajiye wani abu nata a ciki, marigayin ya kwashe nasa?"

Auta ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko tsintsiyarta ba ta taɓa kwana a ɗakin ba. A tambayi shaidan nata."

Malam ya dube ni. Na so ƙwarai a ce akwai wata rana da zan tuna. Na ce, "Ba ta shiga ba."

Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya kama abin da hannunsa mai bayarwa yana raye. Kekena ya zama nawa, rumfa ta zama ta Auta, tasoshi sun zama na masu su, domin kowa ya ɗauke. Ɗaki kuwa ya koma gado. Na ce da na iya rubutu a lokacin, da na rubuta, don sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya ce ko an rubuta, takarda ba ta kwana a ɗaki. Mafita ɗaya ce, magada su yafe mata.

Na ce na yafe. Ƙannenmu mata suka ce sai sun ji ta bakin mazansu. Malam ya juya ga Auta, ya ce, "Kai fa? Da kunnenka ka ji mahaifinka."

Auta ya ce, "Na ji. Amma wa zai sayi gida da tsohuwa a tsakiyarsa? Ƙofa ɗaya ce, Malam."

Daga bayan labule Yaya ta ce, "Ni ce tsohuwar? Ni na goye ka, mai kunnen tulu. Ku sayar. Ba za a ce ni na raba 'ya'yan ubana ba."

Wanda ya saya wani Ibo ne mai kayan lantarki, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Da ya ji yadda aka yi, ya tsugunna ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ki zauna har damina ta wuce, ba na sauri." Ta gode masa, ta ce ba ta zama a gidan da ba nata ba. Washegari ta ɗaure kayanta.

Kason mace da ya zo hannunta bai isa ɗaki ba ko a bayan gari. Na ce mu haɗa da nawa, ta ƙi, ta ce ina da 'ya'ya. Na kawo ta Kwaciri, ta shiga ɗakin yarana mata, aka ba ta gefen ƙofa. Matata ba ta taɓa ɗaure mata fuska ba. Duk da haka, ranar da Yaya ta so ta rataye mayafinta, sai da ta zo ta tsaya a bakin ɗakinmu ta yi sallama, ta tambaya ko an yarda ta kafa ƙusa a bango.