Inna Tabawa, mai lissafin haihuwa da gwamnoni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina bakin titi a Rijiyar Zaki ina jiran adaidaita zan tafi makaranta, ƙanwata ta kira ni daga gida ta ce Inna Tabawa ta cika bayan asuba. Adaidaita uku suka tsaya a gabana suka gaji suka wuce.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce ungozomar ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa. Duk wanda ya haura shekara talatin a garinmu, da wuya in ba ita ta yanke masa cibiya ba. Har da ni.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Ba ta san shekarar Bature ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Da gwamnoni take lissafi. Tun da aka yi jihar Kano take sauraron rediyo, kuma za ta jero maka su a gaɓoɓin yatsunta kamar mai tasbihi, na soja da na farar hula, wanda ya daɗe da wanda ya ɗana ya tashi, ba ta tsallake ko ɗaya.

Sunayensu ma ba ta cika kira ba, nata take raɗa musu. Akwai Na Farko, akwai Wanda Ya Sauka Da Kansa, akwai Mataimaki, akwai Na Wata Uku. Ka tambaye ta yaushe aka haifi wane, sai ta ce, "Zamanin Mataimaki ne, ana noman biyu."

Muna samari mun sha tsokanarta. Mu ce, Inna, wai gwamnonin nan sun san da zamanki kuwa? Ta ce, "Ja'irai! Su suka sani. Ni dai na san da su, tunda duk wanda ya hau sai na ji a jikin tukunyata."

Ban taɓa shiga gidanta na fito hannu rabbana ba. Ko ƙuli ne, ko ɗan daddawa ta ce a kai wa amarya. Matata ta haihu biyar, amma har gobe amarya ce a wajen Inna.

Ganina da ita na ƙarshe sati uku ke nan, kuma kunya nake ji in faɗa, amma zan faɗa.

An yi mana tantancewa a wajen aiki. Aka buɗe fayil ɗina aka ga shekarun haihuwa biyu. Takardar kotu da marigayi Babana ya yi min daban, satifiket ɗin firamare daban, tazarar shekara biyu. Dalili kuwa, a zamaninmu hedimasta ba ya tambayar shekara. Cewa zai yi ka ɗora hannu ta saman kai ka kamo kunne. In ka kamo, shekararka shida. Ni kuwa na tashi ɗan tsurut, sai da aka koro ni sau biyu kafin hannuna ya kai, shi kuma ya rubuta shida abinsa.

Kwamiti suka ba ni sati biyu in kawo shaida, in ba haka ba a sa ni cikin masu ƙaryar shekaru. Wato in rasa aikina na koyarwa gaba ɗaya ke nan.

Na hau bas na tafi gida. Na sami Inna a rumfa tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na ce, Inna, taimako na zo nema. So nake ki ce zamanin soja aka haife ni, don ya zo daidai da satifiket, tunda duk sauran takarduna shi suka bi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Habu, kai ɗan Na Wata Uku ne."

Na ce na ji, amma dai.

Ta ce, "Babu amma. Shekarar ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai, dawa ta bushe a tsaye. Babanka ya kawo min kwanon gero ladana, na ce a mayar a dama wa uwarka kunun kanwa, don ba ta da ruwan nono. Saura kwana uku ta gama wankan jego, ina hura wutar ruwan zafi da safe, rediyon babanka ya kama kiɗan soja. Ka tambayi 'yan boko ranar, ka ƙirga baya kwana talatin da bakwai."

Wallahi ban taɓa jin zancen geron nan ba sai ranar. Ita ma ba don gori ta faɗa ba, cikin lissafi ya faɗo.

Amma ni lokacin idona ya rufe. Na ce, Inna, abincin 'ya'yana ne fa!

Ta ajiye gyaɗar ta dube ni. Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Amma in na yi ƙarya a kanka, sauran da na karɓi haihuwarsu wa zai yarda da nasu?"

Aka kira magatakardan dagaci ya rubuta abin da ta faɗa, ta dangwala yatsa. Na karɓi takardar raina a ɓace. Sallamar kirki ban yi mata ba. Ina jin ta tana cewa in tsaya ta ƙulla min gyaɗa, na ce mota za ta tashi.

A ofis shugaban kwamitin dattijo ne. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Na Wata Uku! Lallai tsohuwar nan ta san tarihi." Ya sa aka duba ranar juyin mulkin, aka ƙirga baya. Sai ga shi ya faɗa cikin shekarar da Babana ya rantse a kanta a kotu. Ya ce in je za a neme ni.

Jiya da la'asar sunaye suka fito. Ina cikin waɗanda aka wanke. Za a gyara sauran takardun, ritayata ta matso da shekara biyu, amma aikina yana nan.

Na ɗauki waya zan kira ƙanwata ta miƙa wa Inna, sai na ce a'a, wannan ba maganar waya ba ce. Bari Asabar ta zo in je da kaina, in durƙusa in ba ta haƙuri.

Yanzu haka a cikin bas ɗin Tsanyawa nake wannan rubutu, ina fatan in samu jana'iza.

Ya Allah Ka ji ƙan Inna Tabawa. Yadda ta karɓi bayinKa da hannu biyu ranar da suka zo duniya, Ka karɓe ta da rahamarKa. Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta.

'Yan uwa, duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Ni ma ku sa ni a ciki. Ban samu na ce ta yafe min ba.