Kunnena na hagu da sunan Adil

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, har wasu sun ɗauka matsalar iƙama ce, wato takardar zama. Jinyar kunne na yi.

Ƙanin matata, Adil, haifaffen unguwar Ruwais ne a nan Jidda. Ni kuwa da gemuna na zo Jidda, Larabcina na kasuwa ne. Tun da ya fara nutso a teku da tukunyar iska, hotunan kifayensa ake kallo a gidana. 'Yata Hanan ba ta da zance sai na kawunta. Ni mai gyaran AC a Sharafiyya, me zan nuna mata?

Sai na ce ya kai ni.

A Abhur, kafin mu shiga ruwa, kyaftin mai koyarwa ya yi bayani da Larabci, da sauri. Yana kama hancinsa yana cewa, "Adil, adil. Kul mitir, adil." Na ce a raina, to, har a nan ma shi ake yabo. Na kau da kai.

Muna sauka kunnena na hagu ya ɗauki zafi kamar ana tura ƙusa. Na hango Adil a ƙasana yana tafiya hankali kwance, sai na ci gaba. Can na ji wani abu ya fashe. Zafin ya ɗauke, ruwa ya shiga, teku ta fara juyawa da ni. Kyaftin ne ya hawo da ni, jini na fita daga kunnen.

Likita ya leƙa ya ce dodon kunnen ya huje. "Kar ruwa ya taɓa shi. Kar ka fyace hanci da ƙarfi." Adil ne ke fassara, suna hira da likitan har da dariya, ni ina zaune kamar kaya.

A mota ya ce, "Yaya, lesh? Me ya sa ba ka yi adil ba?"

"In yi me?"

"Adil mana. Ka toshe hanci ka hura a hankali, iskar kunne ta daidaita. Duk mita ɗaya. Ai kyaftin ya yi ta faɗa."

"Ba sunanka yake kira ba?"

Ya kalle ni. Ya fara dariya, sai ya ga audugar kunnena, ya haɗiye ta. "Wallahi da na sani da na ce masa sunana Bala."

Ban yi dariya ba.

Tsorona ɗaya ne. Da kunne nake aiki, sautin kwamfuresar AC ke faɗa mini ciwonta tun ban kwance ta ba. Ga jiri, ba na iya hawa tsani. Kafilina, maigidana a wurin aiki, ya ce, "Huta, halas," wato shi ke nan, amma ban san irin halas ɗin da yake nufi ba, na hutu ko na sallama.

Wanka da auduga da baselin a kunne. Alwala a hankali. Gwajin ji a wani ɗan ɗaki, kana danna maɓalli in ka ji ƙara. Kullum ina rubuta yadda na kwana, amma ko ni ban yarda da rubutun ba: sauƙi nake ji ko sabo?

Hujin bai rufe da kansa ba, sai da aka yi aiki aka like shi. Da tsada, inshora ma ba duka ta ɗauka ba.

Matata ta ce, "Abban Hanan, kullum sai Adil ya tambayi lafiyarka." Na sani. Shi ke kai ni asibiti, kuma ko da rana ɗaya bai yi mini gori ba. Wannan ma ya ci mini rai.

Alhamdulillah, jina ya dawo, saura 'yar shewa da ba ta tafiya. Na koma aiki, ina jin kwamfuresa. Nutso kuwa likita ya ce in manta da shi.

Na gode wa matata, da likitocin, da duk wanda ya yi addu'a. Adil, na gode. Na rubuta a nan ne don bakina ya ƙi faɗa.

In za ku yi nutso, ku sa a yi muku bayani da harshen da kuke ji, ku tambaya ko za a yi muku dariya. Ku daidaita kunne tun kafin ya yi zafi. In ya yi, ku tsaya, ku ɗan hawo sama. Kar ku shiga da mura.

Juma'ar nan Adil zai koma Abhur. Ya ce in zo in zauna a jirgin ruwa in riƙe masa waya. Ban ba shi amsa ba tukuna.