Tayoyin Aro da Hannun Baba Makanike

A shekarun da kuɗin fetur suka cika gari, soja na mulki, ni ƙaramin akawu ne a Sakkwato, mai girman kai kamar ni na haƙo man. Abokaina duk sun sayi sababbin motoci, ni kuwa na riƙe tsohuwar motar mahaifina, baƙa, mai sitiyari a dama. Kowace safiya sai na goge ta har ta ɗauki ido. Mai kula da ita wani dattijo ne a Ƙofar Marke, makaniken mahaifina tun ina yaro, Baba nake ce masa.

Da lokacin kai ta gwajin lafiya ya zo, Baba ya ce inji da birki lafiya lau, amma tayoyin sun cinye sun yi sumul, masu duba mota ba za su bari ta wuce ba. Irinsu kuma sun yi wuya a kasuwa. Dabarar da kowa ke yi a lokacin ita ce aron taya: ka ɗaura na wani, ka ci gwaji, ka mayar. Ina da aboki a Mabera, malamin makaranta, Kirista daga ƙasar Jos, mai mota irin tawa. Ya yarda nan take. Sai na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ko matarsa, don ba na son a ji cewa motar da nake taƙama da ita da ƙafar aro take tafiya.

Da hantsi, malam yana makaranta, muka je ƙofar gidansa. Baba ya kwance tayoyi biyu, na ɗaure su a bayan babur na tafi kai su gida, na bar shi yana fama da sauran. Ashe matar malam ta leƙo ta ga baƙon mutum yana kwance wa mijinta taya, ta ƙwala ihun ɓarawo. A lokacin satar taya ta addabi unguwar.

Da na dawo, taron mutane na tarar. Baba yana ƙasa, ana dukansa da itace da duwatsu, rigarsa ta jiƙe da jini. Wani soja da ya zo wucewa ya zare bel yana zabga masa a fuska. Na kutsa ina rantsuwa cewa aro ne, wani ya ce ga abokin satar ya zo. Aka sauke mini faskare a baki, haƙorana biyu suka zube. Baba ya rarrafa ƙarƙashin motar don ya tsira, a cikin turereniya wani ya ture jak ɗin da aka ɗaga ta da shi, motar ta faɗo a kan hannunsa na dama. Ƙarar da ya yi ita ta tsayar da su. Sai da aka ɗauko malam daga aji, yana kuka yana cewa shi ya ba da izini, sannan mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

A asibiti aka yanke masa hannun daga wuyan hannu. Da ya farfaɗo ya gan ni, bai zage ni ba. Tambayata ya yi ko motata ta ci gwajin. Na fita waje na yi kuka. Ban sake tuƙa ta ba, a zaure ta ruɓe.

Kalma ɗaya ga matar malam da ta hana duk wannan, kunyar banza ta sa na hana a faɗe ta. Ina roƙon masu karatu, in za ku aiki mutum ya taɓa kayan wani, ku sanar da mutanen gidan. In kuma kun ji ihun ɓarawo, ku tambaya kafin ku ɗauki dutse. Baba ya rayu shekaru bayan haka, kuma duk sanda na je gaishe shi, hannun hagu yake miƙo mini.