Ciyawar Ruwan Kwata

Har yau in na ga fili kore shar a talabijin, raina ɓaci yake yi, in ji kamar in nemo wanda ya shayar da shi in tambaye shi da wane ruwa. Matata ta ce wannan ba lafiya ba ce. Ita dai ba ta tsaya a filin nan na bayan unguwar Ma'adi a Alƙahira ba ranar da wani Bature mai kyamara ya zubar wa abokin ɗakina da mutunci, shi ya sa take iya faɗin haka.

Muna karatun addini a Alƙahira a lokacin, cikin shekarun nan da garin ya ƙi zama lafiya, yau a buɗe makaranta gobe a rufe. Abokin ɗakina Bazazzagi ne, ɗan limamin unguwa, dogo, mara son magana. Karatu bai karɓe shi ba. Yana yi wallahi, ni shaida ne, har idonsa ya yi ja, amma jarrabawa ta zo ta kayar da shi, ya maimaita, ta sake kayar da shi. Har aka kai ga ya san gida zai koma ba tare da takardar da aka turo shi nema ba. Mahaifinsa bai taɓa yi masa faɗa a waya ba. Shiru yake yi, shi kuwa wannan shirun ya fi duka ci masa rai.

Yana zuwa Ma'adi koya wa 'ya'yan wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu karatun Alƙur'ani. A hanyarsa akwai wani fili a bayan gidaje, inda wasu Turawa da tsirarun Misirawa ke taruwa suna wani wasa. Faifai ne na roba, faɗinsa kamar murfin tukunya, a tsaya daga nesa a wurga shi, a bi shi a sake wurgawa, har ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Kwandunan suna warwatse a filin, wanda ya zagaye su da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wata rana faifan wani ya faɗo gabansa, ya ɗauka ya mayar musu, sai ga faifai ya tsallake kawunansu duka ya wuce. Daga nan suka riƙe shi. Ni ma ya ja ni, amma ni nawa jifan sai dai a yi haƙuri.

Kai, mutumin nan ya iya! In ya saki faifai sai ka ga ya miƙe sambal, ya ɗan karkata, ya sauka inda ya nufa. A filin nan kaɗai na taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi. Ya gaya wa mahaifinsa a waya cewa yana wani wasan motsa jiki, tsohon ya ce, "Wasa kuma?" To shi ne da aka sa ranar babbar gasa, aka ce za a ɗauka a bidiyo a sa a intanet, ya ƙudurta a ransa sai ya ci. Yana so kafin ya sauka Zariya mahaifinsa ya gan shi cikin kamala, a tsaye gaban mutane, ya zo na ɗaya a wani abu. Har ya gaya masa ranar: Juma'a da safe, zai turo masa bidiyon.

Sai Baturen. Malami ne a ɗaya daga makarantun 'ya'yan manya da ke Ma'adi, shi ya kawo kwandunan, shi ke ɗaukar bidiyo, shi ke yanke hukunci, shi ne komai. Tun ganin farko jinina bai haɗu da nasa ba. Irin mutanen nan ne da za su dafa maka kafaɗa su ce "habibi", wai masoyi, alhali ko sunanka ba su riƙe ba. Larabcinsa kaf bai wuce yalla da tamam da ma'alish ba, wato "maza" da "daidai" da "yi haƙuri", kuma da su yake mulkin kowa.

Gaskiya filin ba fili ba ne. Ƙasa ce busasshiya, ciyawar ta ƙone ta yi ja, ga fasassun kwalabe, ga leda ta maƙale a kowace ƙaya, ga karnukan titi kwance ƙarƙashin kwando sai ka roƙe su su tashi. Mu bai dame mu ba. Mun share abin da za mu iya sharewa, mun san inda kwalba take mu kauce. Amma shi gogan ya sa bidiyon gasar baya a intanet, 'yan ƙasarsu suka yi ta rubuta masa cewa a bola ake wasan. Abin ya tsaya masa a wuya. Ya ce wannan karon sai duniya ta ga kore.

Akwai wani famfo a gefen filin, irin wanda ake shayar da itatuwan tsakiyar titi da shi. Duk wanda ya zauna Alƙahira ya san ruwan nan, tun daga nesa hancinka zai gaya maka daga magudana aka juyo shi. Shi Baturen ya sa aka riƙa sakar wa filin, kullum, makonni kafin gasar. Ciyawa kuwa ta ji daɗi, ta tashi kore shar har da sheƙi. Ranar gasar da sassafe ya sa aka ƙara sakin ruwan, wai don ta yi ƙyalli in rana ta haska.

Muna fitowa daga jirgin ƙasa na metro muka doshi wurin, wari ya tare mu. Na je na same shi yana kafa ƙafafun kyamara. Na ce masa da ɗan Turancina, ruwan nan ƙazanta ne, a wurinmu najasa ne, in ya taɓa tufa ba a salla da ita, kuma yau Juma'a, daga nan masallaci muka nufa. Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Habibi, kyamara ba ta jin wari." Wallahi da ba don ina baƙo a ƙasar mutane ba, da ranar ya san ni.

Na koma wurin abokina na ce, "Malam, mu tafi. Wannan ba wurin wasa ba ne."

Ya ce, "Ustaz, na riga na gaya wa Baba."

Ga shi ya sha farar jallabiyarsa ta Juma'a, wadda ya sayo a kasuwar Ataba ya ajiye ba ya sa ta sai da dalili, ya goge ta tun jiya, ya kafa hula. Sauran duk gajeren wando ne da riga mai gajeren hannu. Shi ya ce ba zai tsaya gaban mahaifinsa gwiwa a waje ba, ko a cikin waya ne. Baturen da ya gan shi har da tafi, wai fari a kan kore zai fito da kyau ƙwarai. Ya riga ya ga hotonsa, shi ke nan, mutumin da ke cikin rigar bai dame shi ba.

Aka fara. Na bi shi da gorar ruwa mai tsabta. Duk jifan da ya yi, faifan ya sauka cikin caɓi, sai ya tattare jallabiya da hannun hagu, ya taka a hankali, ya ɗauko da 'yan yatsu biyu, in zuba masa ruwa ya wanke faifan ya wanke hannu. Baturen yana ta "yalla, yalla," wai muna ɓata masa haske. Wata Baturiya ta toshe hanci da gyale, wani Bamisire ya zame ya dafa ƙasa ya tashi yana zagi, amma ba wanda ya ce a tsaya. Duk da haka abokina na gaba. Yana jifa riƙe da riga, ba ya iya ɗaukar gudu sosai, kuma yana gaba. Har muka zo kwandon ƙarshe ko ɗigo bai taɓa farar rigar nan ba.

Kwandon ƙarshe yana kan ɗan tudu, wurin tsayawa kuma a gangare, daidai inda ruwan ya taru ya kwanta. Bamisiren nan da ya zame ya matso shi a lissafi, saura ƙiris ya kamo shi. In ya jefa daga nan ya shiga, ya ci. Nisan da yawa, ba a yinsa da hannu ɗaya a kan riga. Na ga ya dubi ƙasa, ya dubi kwandon, ya saki jallabiyar. Ya ja da baya, ya tako da ƙarfi, ya saki faifan. Ƙafarsa ta tafi. Ya yi sama ya dawo rigingine tim cikin ruwan, hula ta yi gefe, baƙin caɓi ya fantsama har fuskarsa.

Yana kwance muka ji sarƙoƙi sun yi ƙara. Faifan ya shiga. Na daka tsalle ina kabbara, na juya in ga ko an ɗauka, sai na ga bakin kyamarar ba ya kallon kwando. Yana kan abokina, yana bin sa yana ƙoƙarin tashi yana sake zamewa, shi kuwa mai ɗaukar kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ba mu iya shiga metro ba, wa zai yarda ka tsaya kusa da shi a haka? Mai gadin wani bene ya ji tausayinmu ya ba mu tiyo a bayan gareji. Ina fesa masa ruwa yana cuɗa rigar a jikinsa, muna jin liman na huɗuba a lasifika, har aka tayar, har aka sallame. Ya ari wani tsohon wando ya yi azahar a kan kwali. Duk da haka a hanyar gida yana ta murmushi, yana cewa, "Ai dai ya shiga, Ustaz. Ka ji ƙarar?"

Bayan 'yan kwanaki bidiyon ya fito. Muka buɗe a wayata, mu biyu a bakin katifa. Abu na farko da ya bayyana faɗuwarsa ce. An rage mata gudu, an maimaita ta, an sake maimaitawa, an sa wani kiɗan wasan yara a ƙarƙashi. Sai ciyawa, ciyawa, Turawa na jifa, ciyawa. Jifansa masu kyau ɗin nan duk an yanke, wai ana ganin gorar ruwa da wanke-wanke a ciki. Faifan da ya shiga babu shi. Can a ƙarshe, cikin ƙananan rubutu da ke wucewa da sauri, aka sa sunansa a na ɗaya, shi ma ba a rubuta daidai ba. Ya miƙo mini wayar ya shiga banɗaki ya daɗe.

Washegari na tafi Ma'adi ni kaɗai na tsare mutumin nan a ƙofar makarantarsu. Na ce ya cire bidiyon daga intanet. Ya ce ai wannan ne bidiyonsa da aka fi kallo, kuma ba wanda ya ƙara cewa filin bola ne, kowa na yabon ciyawar. Na gaya masa abin da ke bakina, da Turanci, da Larabci, da ya ƙare na ƙarasa da Hausa, har masu gadi suka matso. Ya ɗaga hannu wai ya isa haka, ya ce, "Khalas, khalas, ma'alish." Ma'alish ɗin uwar wa? Ya cire daga baya, bayan abin ya riga ya shiga wayoyi.

'Yan uwanmu ɗalibai kuwa, tir da halin wasunsu. Masu gemu, masu jan carbi, su suka riƙa tura wa juna. In ya shigo wurin cin abinci sai wani ya gyara murya ya ce, "Malam, a ba mu fatawa, ruwan nan launinsa ne ya canza ko ɗanɗanonsa?" A fashe da dariya. Na kusa dambe da wani ɗan Gusau a kan haka, aka shiga tsakani. A cikinsu ne wani ya tura gida. Ban san ko wane ne ba, kuma gara da ban sani ba.

Ana saura 'yan kwanaki ya tashi, da la'asar muna ɗaure kayansa, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe tsaye, ya cire hannu daga aljihu kamar tsohon na gabansa. Ɗakin ƙarami ne, ina jin komai. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida. Sai mahaifin ya ce an nuna masa abin a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, cikin jama'a. Abokina ya buɗe baki zai ce shi ya ci, na ga leɓensa ya motsa.

Tsohon ya riga shi. Ya ce, "Ka samu Juma'a ranar?"

Ya ce, "A'a, Baba."

Tsohon ya ce, "To. Ga mahaifiyarka."